Yadda Na Je Marsiliya Na Dawo Wa Sitti da Soronta

Tun ranar da na dawo ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a gahawar bakin unguwarmu ta Jarwal, kafin a zuba mini na farko wani ya jawo kujera ya ce, "Ya muhandis, ba mu labarin Faransa." In na fara, wani ya shigo a tsakiya ya ce a koma farko. Shekaranjiya kuwa da kunnena na ji mai ful, mai sayar da dafaffen wake, yana gaya wa mutane wai na mutu a can aka tashe ni. Ban mutu ba, ko da yake akwai dalilin da ya sa ake faɗin haka, kuma zan zo kansa. Shi ya sa na ga gara in rubuta. Sai dai a yi mini uzuri. Ban ga Faransa duka ba, birni ɗaya na gani, Marsiliya, shi ɗin ma yawanci tsakiyarsa. Inda na tabbata zan ce na tabbata, inda ban tabbata ba zan faɗa.

Ga abin da ya kai ni. Gidanmu na gado ɗakuna ne na dutse da kwano, sai ɗaki ɗaya mai soro, wanda kakata ta wajen uba take kwana a samansa. Mu jikoki Sitti muke ce mata kamar yaran Makka, amma da ƙafa ta taso daga ƙasar Katsina goye da mahaifina, kuma har yau Larabcinta bai wuce na cefane ba. Da aka soma maganar faɗaɗa Harami, filayen kusa suka yi daraja. Ubangidana Ammu Salim, ɗan kwangila Bahadrame wanda ya ɗauke ni aiki bayan na gama karatun injiniya a Alƙahira, ya zo wa danginmu da shawara. Zai rushe gidan ya gina bene mai hawa biyar na siminti da rodi, alhazai su riƙa sauka a ƙasa, mu kuma a ba mu hawan sama duka. Kowa ya yarda, ban da Sitti. Sai da Baffa Bala, ƙanen mahaifina mai tsire, ya yi ta lallashinta, sannan ta ce, "To, a rushe. Amma ni ban taɓa kwana a ƙarƙashin rufi da bazara ba. A bar mini soro inda zan shimfiɗa tabarma in ji kiran sallar Harami. In babu, ku bar ni a kangon." Baffa ya rantse mata za a bari.

Wani kamfani a Marsiliya, inda Ammu Salim ke sayen rodi da siminti, shi aka ba aikin zana taswirar ginin. Mai zanen kuwa Nasara ne, ba shi da damar shigowa Makka ya ga filin, don haka aka ce in kai masa awo da hotuna, in jira, in dawo da taswira. Ranar sallama Ammu Salim ya kama kafaɗata ya ce, "Isma' ya Salisu, saurara. Kai ido ne da ƙafa, ba baki ba. Mutumin nan ya gina rabin garinsu. Kada ka je ka nuna masa ka yi karatu." Na ce, "Hadir, ya Ammu." Sitti kuma ta ba ni gwangwanin zamzam da aka liƙe da dalma, da gwangwanin yajin Baffa, ta ce, "An ce abincinsu lami ne."

Bayan an sauke hajji na hau mota zuwa Jidda, na shiga wani jirgin ruwa da ke mayar da alhazan ƙasashen Magrib. Tekun Maliya ba ta yi mini daɗi ba, ba sai na faɗi yadda aka yi ba. Da na sami kaina na fito sarari, wani tsoho mutumin Aljeriya ya tambaye ni garinmu. Na ce Makka aka haife ni. Da ma ban faɗa ba. Nan da nan aka kewaye ni, wannan ya shafa rigata, wancan ya sumbaci kaina, aka tura ni gaba in yi limanci, ni da ko a masallacin unguwa ban taɓa tsayawa sahun farko ba sai an ja ni. Wani ya ce, "Ina alƙibla, ya ɗan Makka?" Na tsaya ina kallon ruwa ta ko'ina. A gida ba mu neman alƙibla, muna ganinta ne. Na yi tunani na ce tunda daga can muka baro, ai tana bayan jirgi. Aka juya aka fuskanci inda hayaƙi ke tafiya. Ina jin ban yi nisa da daidai ba, amma da muka wuce mashigar Suwes jirgin ya karkata yamma na je na roƙi wani ma'aikaci ya nuna mini a na'urarsu, don kada in ɗauki nauyin sallar mutane a kan zato.

A jumruk ɗin Marsiliya, wato kwastan, ma'aikacin ya buɗe gwangwanin yaji ya shinshina. Da Faransancina na littafi na ce masa na abinci ne, kuma ina ganin gara kada ya ɗanɗana da yawa. Ya dangwala yatsa har gaɓa ya sa a baki. Fuskarsa ta yi ja, hawaye ya zubo, abokan aikinsa suka yi ta dariya har ɗaya ya zauna a kan akwatina. Da ya zo kan zamzam ya ɗauko ƙarfe zai fasa, sai wani ɗan dako Balarabe ya ajiye kayan da ke kansa, ya karɓi gwangwanin ya sumbata ya yi masa bayani da sauri. Ma'aikacin, yana share ido, ya yi mini hannu in wuce da kayana duka.

Masaukina ƙaramin otal ne kusa da tashar jirgin ƙasa, na wata gwauruwa, Madam Roza. Ta ba ni ɗaki a can ƙoli, tagarsa na kallon bangon maƙwabta, ta karanta mini dokoki: ba girki, ba baƙi, ba wanka bayan an ci abincin dare. Don tsoron naman alade, kwanakin farko burodi da ƙwai da zaitun kawai nake ci, ina barbaɗa musu yaji a ɓoye.

Wata safiya ina wucewa ta bakin tashar jiragen ruwa na ji wani yana cewa, "Kai, wannan buhu ko duwatsu aka zuba masa!" Da Hausa. Na tsaya cak, na ce, "Sannu da aiki, Baba." Dattijon ya saki buhun ya juyo.

"Wa ya yi magana?"

"Ni ne."

"Kai ɗan ina ne, da kwat kamar likita?"

"Ɗan Makka."

"Makka ta Annabi? Yaro, kada ka yi mini wasa da tsakar rana."

Sunansa Baba Mamman, mutumin Damagaram, tsohon soja da yaƙi ya kawo, ya zauna yana aikin dako. Da na ba shi rabin zamzam ɗin ya yi kuka, ni ma na kusa. Tun daga ranar ya ɗauke ni ɗa. Ya kai ni wurin wani Ba'aljere mai yanka da bisimilla, na ci kuskus, wanda a ganina burabusko ne aka yi masa gata.

Ran Lahadi ya zaga da ni gari. Tsakiyar Marsiliya wani kogon ruwa ne da ya shigo cikin birni, cike da ƙananan jirage, mata na sayar da kifi a bakinsa suna ihu kamar masu faɗa. Daga nan wani faffaɗan titi ya miƙe sama, kantuna da gahawa dama da hagu. Mutane suna zaune a tebur a bakin titi suna ci suna kallon masu wucewa, babu mai cewa bismilla ku zo mu ci. Da tsakar rana kantuna su rufe kamar an kira salla, amma abinci suke tafiya ci. Hagu da titin in kana hawa ita ce unguwar baƙi, Larabawa da Armeniyawa da ma'aikatan jirgi baƙaƙen fata, kowa da harshensa, har ta tuna mini da titin Mansur a lokacin hajji.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne gefen arewa na ruwan. Baba Mamman ya ce tsohuwar unguwa ce aka rushe da nakiya lokacin yaƙi. A wurinta yanzu dogayen gine-gine ne a jere, tsayinsu ɗaya, tagoginsu ɗaya, ƙasansu rumfa ce mai ginshiƙai da mutum zai bi cikin inuwa. Na yi ta shafa bango ina duba inda siminti ya haɗu da dutse, ban ga wurin da zan soki wuƙa ba. Amma da ka bi bayansu ka hau tudu, sai ga tsofaffin lunguna, matsattsu, shanya daga taga zuwa taga, tsofaffin mata zaune a ƙofa. Na ce, "Baba, mutanen da ke unguwar da aka rushe, su aka mayar cikin sababbin?"

Ya ce, "Kaɗan. Sauran sun watse. Akwai wata tsohuwa da ke zuwa kullum ta tsaya gaban wancan ginshiƙi, wai nan ne madafarta."

Sitti ta faɗo mini a rai.

Mai zanen namu, Misyu Arno, dogo ne mai furfura, lofe a baki, mai fara'a da saurin magana. Ya karɓi awon da na kawo ya yaba, ya yi ta tambayata a kan ƙasar wurin da iska da ruwa. Bayan kwanaki ya kira ni ya shimfiɗa taswira. Zan faɗi gaskiya, aikin ya yi kyau. Ya yi wa kowace taga baranda mai zurfi don rana kada ta shiga, ya bar hanyar iska ta ratsa kowane hawa. Na bi matakala da yatsa daga ƙasa har hawa na biyar, sai na ga ta ƙare. Daga nan tsanin ƙarfe ne a jikin bango, zuwa wata 'yar ƙofa. Saman ginin kuwa tankunan ruwa ne da bututu, an rufe su da wata rumfar siminti mai gangara. Babu wurin shimfiɗa ko buzu.

Na tuna maganar Ammu Salim, na tuna rantsuwar Baffa. Na ce, "Misyu, aikin ya yi kyau ƙwarai. Sai dai wataƙila, ban sani ba, mai yiwuwa wasu mutane, ba duka ba, su so a ce saman, in da hali, ko da yake ba dole ba ne..."

Ya buga bayana ya ce, "Na ji daɗi da ya yi maka!" Ya naɗe taswira.

Na sake samun dama da ya gayyace ni gidansa. Yana zaune a wani gini da ke can kudu da tsakiyar gari, wanda mutanen Marsiliya ke kira gidan mahaukaci. Ban taɓa ganin irinsa ba. Gini ne kamar jirgin ruwa, tsaye a kan ƙafafu na siminti masu kauri, har mutum ya wuce ta ƙarƙashinsa yana ganin itatuwa a ɗaya gefen. Ba a yi masa shafe ba, ana ganin sawun katakon da aka zuba simintin a ciki, amma cikin barandunsa an shafa ja da rawaya da shuɗi. A wani hawa na tsakiya akwai layin kantuna, sai ka sayi burodi ba ka taka ƙasa ba. Muka shiga asansir, akwatin nan da ke hawa da mutane, muka fito a sama. Ga fili shimfiɗe, ga ɗan tafki yara na wasa, ga manya kwance cikin rana, wasu ba riga, suna gasa jikinsu da gangan. Ga teku, ga duwatsu. Na ce a raina yau Allah ya kawo ni.

Na ce, "Misyu, mu ma a Makka muna son saman gida."

Ya yi dariya. "A ranarku? Ƙwai ma zai soyu. Na karanta zafin garinku. Shi ya sa na ba tankuna wurin, babu mahaukacin da zai hau."

Na ce, "Gaskiya ne, da rana kam..." Sai matarsa ta kira mu kada abinci ya huce, ya ja hannuna. Na ci kifi ban ji ɗanɗanonsa ba.

Da na gaya wa Baba Mamman, ya dube ni ya ce, "Kai ɗan Makka, wannan karatun naka a baki ya tsaya ko a aljihu? Ka ce masa tsohuwa na son soro, shi ke nan."

"Baba, an ce kada in yi magana."

"To ka koma ka gaya wa kakarka an ce kada ka yi magana."

A kwanakin nan aka yi zafi a Marsiliya. Ba ya kai namu, amma ɗakina ya zama tanda, ga damuwa. Na lura a ƙarshen matakalar otal akwai wata ƙofa da ke fita wani ɗan fili inda Madam Roza ke shanya. Ban yi tunanin neman izini ba, don a wurinmu wa ke neman izinin hawa soro? Na ɗauki bargo da farin mayafina na hau, na yi barcin da ban yi ba tun Jidda. Na riƙa yin haka, ina saukowa bayan asuba. Ran nan na yi salla na ce bari in ɗan kishingiɗa. Na ja mayafin na rufe tun daga kai har ƙafa, yadda muke yi saboda ƙuda, na miƙe sambal.

Hayaniya ce ta tashe ni. Ashe wata mata a benen da ke kallonmu ta buɗe taga ta ga mutum a miƙe cikin farin ƙyalle, ba ya motsi, ta ƙwala ihu an kashe wani an ɓoye gawa a saman otal. Ina jin takun takalma kewaye da ni, wani ya kama ƙafafuna, wani ya kama kafaɗuna. Na tashi zaune na yaye mayafin na ce, "Salamu alaikum." Ban san abin da ya sa ban yi Faransanci ba. Wanda ke riƙe da ƙafafuna ya sake su ya ja da baya har ya faɗa cikin kwandon wanki. Madam Roza ta zauna daɓas a ƙasa tana kiran sunayen waliyyansu. Ƙasa kuwa titi ya cika, har da motar 'yan kwana-kwana.

Aka tafi da ni ofishin 'yan sanda, wanda Baba Mamman ke kira kumsariya. Ba su wulaƙanta ni ba, har kofi suka ba ni, amma babbansu ya ce sai wani ya zo ya tsaya mini, don mai hankali ba ya kwana a kan rufi. Aka kira Misyu Arno a waya. Baba Mamman ma labari ya kai masa, ya iso da lambobin yaƙinsa a ƙirji yana cewa, "Lahiya, ɗana? Wa ya taɓa ka?"

Babban ɗan sandan ya ce, "Gaya mini, me ya kai ka can?"

Na ce zafi. Ya ce akwai taga. Sai na ga babu makawa in yi masa bayani daga tushe. Na ce a garinmu, in rana ta faɗi, bango yakan riƙa fitar da zafin da ya sha, ɗaki ba ya shiguwa. Kowa sai ya hau sama, attajiri da talaka, mai jego da jariri. Mata su yayyafa ruwa a daɓe, a jera tuluna a bakin katanga su yi sanyi, a ci abinci a can, a yi hira, a kwana. Na ce a can ake yaye yaro, a can tsofaffi ke jinya. Rabin shekara gidan ɗan Makka samansa ne, ɗakunan ƙasa ajiyar kaya ne.

Ɗan sandan ya ɗaga kafaɗa ya rubuta wani abu. Amma na lura Misyu Arno ya cire lofe daga bakinsa.

Da muka fito ya ce, "Kowa da kowa? Da dare?"

Zan iya cewa e kawai in yi shiru, in bar shi ya gane ko kada ya gane. Baba Mamman ya taka mini ƙafa. Na ce, "Misyu, ginin da ka zana ba zai zaunu ba. Ka yi mana maganin rana, ba ka bar mana dare ba. Kakata ta ba da gidanta a kan alkawarin soro, kuma ba za ta iya hawa tsanin ƙarfe ba." Ban sa wataƙila ko ɗaya ba. Ni kaina na yi mamaki.

Ya yi ja kamar mutumin jumruk. Ya ce, "Kuma kana zaune a ofishina kullum kana ce mini ya yi kyau!" Ya yi ta faɗa a bakin titi, ya ce an gama lissafi, an yi odar rodi, jirgina ya kusa tashi. Sannan ya ce ba zai canja kome ba sai mai biyan kuɗi ya yarda, kuma kafin amsa ta zo daga Makka an makara.

Na ce, "Na ɗauka a wuyana. In ubangidana ya ƙi, ni zai kora, ba kai ba."

Ya ce, "To zo ka nuna mini yadda kuke kwana."

A ofis na cire kwat na kwanta a ƙasa, ma'aikatansa na dariya, aka auna wurin da mutum ɗaya ke ci. Na zana masa yadda sorayen Makka suke: katanga ta fi tsayin mutum don kada maƙwabci ya ga iyalin maƙwabci, amma da tubali mai ƙofofi don iska ta wuce, ɓangaren mata dabam, na maza dabam, na alhazai dabam. Ya karɓi fensir ya tattara tankunan ya ɗora su a kan ɗakin matakala, ya ja matakalar har sama. Da ya ga tubalin mai ƙofofi sai fushinsa ya wuce, ya yi ta zana shi iri-iri kamar yaro ya sami abin wasa. Lissafin nauyin da daɓen zai ɗauka in alhazai sun cika shi ni ya bar wa. Na yi, na sake yi, na kuma sakewa don tsoro. Ya duba bai gyara kome ba, ya sa a rubuta sunana a ƙasan taswirar kusa da nasa. Ranar tafiya ya ba ni ɗan ƙaramin ginin da aka sassaƙa da katako, ya ce, "Ka nuna wa madam kakarka. Ni ba zan taɓa ganin na gasken ba."

Baba Mamman ya raka ni har bakin jirgi. Na bar masa sauran yajin. Ya ce in yi masa addu'a a gaban Ɗaki, kuma na yi tun ranar da na iso.

Duk hanyar dawowa ina shirya abin da zan gaya wa Ammu Salim. Da na shimfiɗa taswira a gabansa na faɗi abin da na yi tun kafin ya tambaya. Ya ce, "Ban ce maka ido da ƙafa ba?" Na ce ya faɗa. Na nuna masa ta farkon, mai tsanin ƙarfe. Ya sa tabarau ya duba, ya duba, ya ce, "La haula! Gida a Makka babu soro? Wane alhaji zai kama ɗaki a nan?" Shi bai taɓa zaton abu ne da sai an faɗa ba, kamar a ce a tuna wa magini ya sa ƙofa. Yanzu a kasuwa yana gaya wa mutane shi ya aike ni musamman in gyara wa Bafaranshe aiki. Ban musa masa ba.

Da la'asar na hau wurin Sitti da ginin katakon a hannu. Ba ta tambaye ni hanya ba, ba ta tambayi teku ba. Ta ce, "Ina sorona?"

Na ajiye shi a kan tabarmarta. Idonta ya yi rauni, don haka da yatsa ta bi shi. Ta shafa katangar, ta sa farce a ƙofofin tubalin, na nuna mata kusurwar da ke kallon Harami. Na cire gefe ɗaya don ta ga ciki, ta bi matakalar a hankali, sai yatsarta ta tsaya.

"Wannan fa, mene ne a kowace kwana?"

"Dakali ne, Sitti. Inda za ki zauna ki huta kafin ki ci gaba."

"Nasaran ne ya sa?"

"Ni na sa."

Sannan ta ɗaga murya ta kira Baffa daga tsakar gida. "Bala! Ka gaya wa Bahadramen nan ya kawo masu rushewa." Ta jawo ginin katakon kusa da matashinta, ta ce da ni, "Kai kuma tashi ka ci abinci, ka rame. Wannan ka bar shi nan, matan unguwa za su zo gani."